Ina Naman Baban Amna Ya Tafi?

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Sunana Rakiya, gidanmu yana wani ƙauye a bakin kogi, kudu da Mai Wurno. Abin da zan faɗa ya faru ne kafin yaƙin nan da ya tarwatsa mutane, lokacin da hafila, motar hayarmu, ke tashi zuwa cikin gari da sassafe babu mai tare ta a hanya. Matan da mazansu ke tafiya yankan riɗi nake so su ji, domin abin da ya same mu bai shigo da hayaniya ba. Sannu ya shigo, kamar ruwan da ke cin gindin katanga.

Mijina ba zan kama sunansa ba, Baban Amna muke ce masa, da sunan 'yarmu ta fari. Duk wanda ya san shi a lokacin zai gaya maka ƙato ne. In kogi ya janye yana noman gaɓa, kuɓewa da albasa da tumatir. Da rani yana buga tubali a bakin ruwa. Da kaka kuma sai ya bi ayarin maza zuwa manyan gonakin gabas su yanki riɗi. Tela in zai ɗinka masa jallabiya sai ya yi ƙorafin yadi. In ya zauna a kan angarib, gadon igiyar da ke tsakar gidanmu, sai ka ji igiyoyin suna kuka. Ba don yabo na faɗi wannan ba, don a san daga inda aka faro ne.

A shekarar ya dawo lafiya lau, yana ba mu labarin yadda suke kwana a fili ƙarƙashin itatuwan aduwa, a kan baƙar ƙasa mai tsattsagewa. Sai da sanyi ya shigo sosai zazzaɓi ya fara. Da la'asar jikinsa ya ɗau zafi, da asuba ya jiƙe da gumi, da hantsi ya tashi ya tafi gona kamar ba shi ba. Muka ce malariya ce, wa ke nan bai san ta ba? Aka sayo magani, ya sha ya ƙare, zazzaɓi na nan. Aka ce taifot ce, aka sake wani maganin. Mako ya bi mako. Abinci kuwa ya fita ransa. In na ajiye masa kisra, wainar nan ta dawa marar kauri, da miyar kuɓewa, sai ya yagi gefe ɗaya ya ce ya ƙoshi, shi da ba ya tashi sai ya suɗe kwano.

Hannunsa ne ya fara ba ni tsoro. Wata safiya na miƙa masa shayi, ya kai hannu zai karɓa, sai na ga tsakanin babban yatsansa da manuniya ya loɓa. Wurin nan da can tudu ne, taurinsa kamar ɗanyen goro, yanzu ga rami har za a iya zuba gishiri a ciki. Na ɗaga kai na dube shi da kyau, kamar ban taɓa ganinsa ba. Gefen goshinsa duka biyu sun faɗa. Ƙashin wuyansa ya fito. Wanda kake kwana kake tashi da shi, kai ne na ƙarshen ganin ramarsa.

Daga nan na fara lura. Zariyar wandonsa kullum sai ya ƙara ja. Fatar damtsensa ta fara reto kamar rigar aro. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne cikinsa, shi ƙara girma yake yi, musamman ta hagu ƙarƙashin haƙarƙari. In na taɓa sai in ji wani abu mai tauri kamar an cusa masa ƙwarya.

Inna, mahaifiyarsa, tana zaune tare da mu. Ta dafa wurin ta ce, "Saifa ce ta tashi. Wanga ba ciwon mustashfa ba na, wanzami za a kira." Mustashfa ita ce asibiti a bakinmu. Aka kira wanzami, ya sa ƙarfe a wuta ya ɗosa masa a gefen ciki. Baban Amna bai ko yi tari ba, ni ce na fita bayan ɗaki. Wani kawunsa ya ce sammu ne, an ga ƙarfinsa a gonar riɗi an yi masa baki. Aka kawo rubutu ya sha. Wata maƙwabciya ta ce nonon raƙumi, aka nemo. Wata ta ce kada a kuskura a ba shi ƙwai ko kifi ko madara, suna ciyar da zazzaɓi, Inna kuwa ta riƙe wannan da hannu biyu. Ba na zagin kowa. Duk wanda ya kawo shawara, ƙauna ce ta kawo shi. Amma makonnin da muka yi muna bin shawarwarin nan, kowanne da namansa ya tafi.

Ranar da magana ta ƙare, yana zaune ne a tabarma bayan sallar azahar, ya yunƙura zai tashi ya kasa. Ya sake yunƙurawa. Sai na ga ya juya ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawan jikinsa da hannuwa kamar mai hawan bishiya. Da ya miƙe sai jini ya ɓalle masa ta hanci. Ƙanensa Haruna, wanda ke da shagon gyaran keke a kasuwa, ya shigo daidai lokacin. Bai nemi izinin kowa ba, ya ce, "Gobe mustashfa. Inna, ki yi haƙuri."

Da safe Haruna ya ɗauke shi ya sa a hafila. Da ya sauke shi a kujera ya juyo, na ga fuskarsa ta sauya. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Matar Yaya, wallahi kamar damin kara na ɗauka."

Wanda bai taɓa bin layin asibiti da majinyaci ba, bai san tsawon yini ba. Mun isa, har da Inna, rana ba ta yi zafi ba, amma mun tarar da mutane kamar ranar kasuwa. Na shimfiɗa masa mayafina a gindin darbejiya ya kwanta, Haruna ya shiga layi. Wannan taga ta ce a je waccan, waccan ta ce mai aikin ya fita shan shayi. Aka ɗebi jini, aka ce wani gwajin babu kayansa, sai a waje. Muka kwana gidan wata 'yar'uwa, muka dawo, aka sake cewa gobe. Da aka ɗora shi a ma'auni, mai awon ya dubi allurar, ya dubi tsawon mutumin, ya ce ya sauka ya sake hawa.

A ƙarshe muka shiga wurin wata likita, daktora kowa ke ce mata, yarinya ce ba ta kai ni shekaru ba. Da Larabci ta fara yi mana magana. Da ta ji ina fassara wa Inna, sai ta yi murmushi ta ce, "Sannu, Inna. Ya jiki?" Hausarta a karye, kamar ta yaranmu na yanzu. Ashe kakarta Bahausa ce daga wajen Kamlin. Inna, wadda ta shigo fuska a murtuke, sai ga ta tana gyara zama.

Daktora ta tambayi inda ya yi aiki da kaka. Da ta ji gonakin gabas, ta ji kwana a gindin aduwa, sai ta gyaɗa kai. Ta ga tabon wanzami, ta sauke masa riga. Da sakamako ya fito ta ce sunan ciwon kalazar. Wani ɗan ƙuda ne ke kawo shi, bai kai sauro girma ba, yana ɓuya a tsagar baƙar ƙasa. Ya ciji mutum da kaka, ciwon ya kwanta a jiki sai bayan watanni ya tashi. Ta ce yana da magani, allurai ne kullum na wasu makonni, amma mun zo a makare, sai an kwantar da shi.

Ranar da aka ba mu gado na tare ta a bakin ƙofa, domin tambayar ta daɗe tana cina. Na ce, "Daktora, don Allah, ina naman ya tafi? Ba a yanke shi ba, bai yi rauni ba, ba ya gudawa. Mutum kamar wannan, ina ya zuba?"

Na zaci za ta ce in je in zauna. Sai ta kama damtsena ta matsa. Abin da ta faɗa da Larabci ne, ni ce na mayar da shi Hausa, amma ban manta ko ɗaya ba.

Ta ce, "Naman nan da ke motsa mutum, ba gini ba ne da aka yi sau ɗaya aka gama. Kullum ana rushe shi, kullum ana sake gina shi. Yanzu haka da muke tsaye, a cikin hannunki akwai abin da ke bin zaren naman nan. Wanda ya tsufa ko ya lalace, a sa masa alama, a kai shi a niƙe, a kwashi gutsattsarin a yi sabo da su. Mai lafiya, abin da aka rushe da abin da aka gina daidai suke, shi ya sa ba kya gani."

Na ce, "To shi fa?"

"Shi jikinsa yaƙi yake yi. Yana neman kayan da zai ƙera abin yaƙar cutar. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta jira, dole a ba ta sukari ko mutum ya ci ko bai ci ba. Kitse yana taimakawa, amma ba ya yin wannan aikin duka. Jiki kuwa ba shi da wani rumbu na irin kayan nan, sai naman da kike gani a hannu da cinya. Da baki ya daina kawowa, zazzaɓi kuma yana ta kira, sai jiki ya juya ya fara kwance su. Ya aika wa hanta, hanta ta mai da wani sukari, ta mai da wani makami. Dusar da ta rage ta fita ta fitsari."

"Ta fitsari?"

"Ta fitsari."

Duk makonnin nan ni ke ɗaukar kaskon fitsarinsa in zubar a bayan gida, ban san kafaɗunsa nake zubarwa ba.

Ta ce, "Kada ki ga kamar jikinsa ya ci amanarsa. Zaɓi yake yi. Yana ba da cinya don ya tsare kai da zuciya. Amma ki sani, zuciya ma nama ce, abin da ke jan numfashi ma nama ne. In aka daɗe, rushewar tana isa can. Shi ya sa muke sauri."

Na koma na zauna a gefen gadonsa ina kallon hannuna. Na dunƙule, na buɗe. Shekara da shekaru ina daka da shi, ina wanki da shi, ban san ana aiki a cikinsa ba dare ba rana, ba da sanina ba, ba da izinina ba. Na dubi Baban Amna yana barci, ƙirjinsa na hawa yana sauka, haƙarƙarinsa a ƙirge. Tsorona bai tafi ba, amma wani abu ya zauna kusa da shi. Wane ne ya koya wa jiki abin da zai fara bayarwa da abin da zai riƙe har ƙarshe? Ban san lokacin da na fara Subhanallahi ba, har matar da ke jinya a gadon kusa ta ce, "Lafiya, 'yar'uwa?"

Makon farko na allurai ya yi mana tsanani. Allurar da zafi take, ga shi babu tsokar da za a soka, sai mai yin ta ya tattaro fata da yatsu yana neman wuri. Jininsa ya yi ƙasa, aka ce sai an ƙara masa, Haruna ya nannaɗe hannun riga ya bayar. Maganin kansa kyauta ne, Allah ya saka wa masu kawo shi. Amma sirinji a waje, auduga a waje, abinci da kuɗin mota, su suka cinye abin da ya samo a riɗi, suka bi da awakina. Famfo yana ɗaukewa a yini, sai mun sayi ruwa wurin masu jakuna. Akwai wata ma'aikaciya da in ka kira ta sai ta yi maka tsawa kamar kai ka kawo cutar. Akwai kuma wata da ke zuwa da man shafawa daga gidanta tana shafa wa majinyata a ɗuwawu don kada kwanciya ta huda su. Duka biyun riga iri ɗaya suke sawa.

Wata safiya Inna ta yaye masa bargo ta rangaɗa guɗa. "Ku zo ku gani, ya soma ƙiba daga ƙafa!" Ƙafafunsa sun cika tamtsan, har sheƙi suke yi. Ni ma na yi murna. Daktora ta zo, ta danna babban yatsanta a ƙaurinsa ta ɗaga, ramin ya zauna bai taso ba. Ta ce, "Ruwa ne, Inna. Akwai abin da hanta ke yi wanda ke riƙe ruwa a cikin jijiya. Kayan yinsa sun yi ƙaranci, sai ruwan ya tsiyayo." Daga nan ta ce a ba shi madara da ƙwai da kifi da adas, wani ɗan ƙaramin wake, kaɗan kaɗan, sau da yawa, kada a ɗura masa lokaci guda domin jikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar gaggawa. Inna ta ce, "Ƙwai? Ga mai zazzaɓi?" Daktora ta ce, "Ƙwai, Inna. Da shi za a mayar da abin da aka kwashe. Amma sai mun kashe cutar tukuna, in ba haka ba muna zubawa ne tana kwashewa." Inna ba ta yarda ba, ba ta kuma hana ba. In na fasa ƙwan sai ta juya baya.

A mako na biyu tari ya kama shi. Majina ta cika masa ƙirji, ya yunƙura zai fitar ya kasa, sai wani ɗan sauti kamar na kyanwa. Wannan mutumin da in ya yi atishawa kaji ke watsewa. A ranar kuma mai gadon da ke fuskantarmu ya cika, wani manomi daga wajen Rusairis, ciwo iri ɗaya, an kawo shi bayan namu. Da la'asar, ana fita da shi, Inna ta fara naɗe tabarmarta.

Ta ce, "Haruna, nemo mota. Ku maishe min da ɗana gida. Ba ni son ya cika cikin baƙi."

Ban taɓa mayar wa Inna magana ba tun da aka kawo ni gidan. Na durƙusa na ce, "Inna, alluran ba su ƙare ba. In muka tafi, abin da ya rage a jikinsa ma zai tafi."

"Mi ya rage? Ke duba shi, mi ya rage?"

Haruna ya tsaya tsakaninmu ya rasa wadda zai bi. Sai muka ji murya daga gado, siririya, sai mun sunkuya. Baban Amna ya ce, "Inna, ki yi min haƙuri. A bar ni in ƙarasa. In ajali na, ko'ina ƙasar Allah ce."

Inna ta daɗe a tsaye da tabarma a hannu. Daktora ta shigo ta saurari ƙirjinsa, ta ƙara masa wani magani, ta ce kada a bar shi kwance, a zaunar da shi, a riƙa bubbuga masa baya. Ba shi da ƙarfin zama, matashin kai kuma ba ya riƙe shi. Sai Inna ta jefar da tabarmar, ta hau gadon, ta zauna a bayansa, ta jingina shi a ƙirjinta, ta zagaye shi da hannuwanta. Hannuwan tsohuwa suka haɗu a cikinsa har da saura. Haka ta riƙa yi kullum, tana bubbuga shi tana yi masa wata waƙar reno a kunne, har majinar ta fara fitowa.

Ban san ranar da zazzaɓin ya tafi ba. Na dai farga wata la'asar cewa na taɓa goshinsa na ji sanyi, na kuma tuna jiya ma haka. Kumburin ƙafa ya saɓe. Ƙwaryar da ke cikinsa ta fara ja da baya. Sai wata safiya ya buɗe ido ya ce, "Rakiya, ana samun kifi a garin nan?" Na fita da gudu ko takalmi ban daidaita ba. Da na dawo na tarar Inna ta fasa masa ƙwai da hannunta, tana cewa ai ita dama ba ta ce ƙwai haramun ne ba.

Aka sallame mu, mata suka yi guɗa, aka yanka ɗan akuya aka yi sadaka. Na zaci an gama. Wannan shi ne abu na biyu da nake so mata su sani: cuta tana tafiya, amma naman ba ya biyo ka gida.

Yunwa ta taso masa kamar wuta. Inna ta dage da asida, tuwonmu mai laushi, da man shanu, safe da yamma, ta hana shi ko ɗaga buta. "Kwanta ka huta, ka sha wuya." Ya kwanta. Kumatu suka ciko, ciki ya fito, masu zuwa gaisuwa suna cewa ma sha Allahu ya murmure. Amma ƙafafun suna nan kamar muciya, in zai zaga sai an riƙe shi. Wasu ƙuraje kuma suka feso masa a fuska. Ya daina yarda a shigo da maza. In ya ji sallama sai ya juya ga bango ya ce in ce yana barci. Wata rana na ji yana cewa, ba da ni yake ba, "Wanda ya tafi riɗi bai dawo ba."

Da muka koma a duba shi, daktora ta ce ƙurajen alamar bayan ciwon ce, a sa musu ido, yawanci da kansu suke bajewa. Sannan ta ce ya tashi daga kujera ba tare da dafawa ba. Ya kasa. Ta tambayi abin da yake yi a gida, na ce hutawa. Ta riƙe kai.

Ta ce masa, "Ya hajj, jiki ba ya ciyar da abin da ba ya aiki. Ko mai lafiya ka kwantar, cinyarsa za ta fara zubewa. Abinci kayan gini ne kawai. In ba ka motsa ba, jiki bai san inda zai kai su ba, sai ya tara maka kitse. Naman da ka wahalar yau, shi ake ƙara wa gobe. Kuma ka sani, rushewa da gudu take, gini da rarrafe."

Ya ce, "Zai dawo duka?"

Ta ce, "Ban sani ba. Amma masu ginin suna nan, ba su mutu ba. Kai suke jira."

Muka koma gida. Washegari na fito na gan shi riƙe da ginshiƙin rumfa, yana sauka a hankali kamar zai zauna, yana tasowa, gwiwoyinsa na karkarwa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Inna ta taso za ta hana, na ce daktora ce ta ce. Ta koma tana gunguni, amma daga ranar ta rage man shanu ta ƙara adas da gyaɗa. Daga ginshiƙi ya koma zagaya tsakar gida da sanda. Daga nan ƙofar gida, daga nan masallaci. Ya faɗi ba sau ɗaya ba. Akwai makon da ya yi fushi ya ce ba ya ganin komai, ya koma gado, sai da Haruna ya zo ya zauna masa a kai. Ya daɗe yana sallah a zaune. Ranar da ya yi sujada ya taso da kansa, na ga ya tsaya cak a raka'ar kamar ya manta karatu.

Ni kuwa ina kallo, domin yanzu na san abin da nake kallo. Na ga ƙaurinsa ya fara yin tudu. Na ga wuyansa ya cike. Adas ɗin da na jiƙa da hannuna, kifin da na cire wa ƙaya, madarar da na tafasa, su ne suke komawa mutum a gabana. Ban san abin da ya fi wannan ban mamaki ba. Har yau in na ga ƙato yana tafiya yana taƙama, sai in ce a raina, bawan Allah, aro ne, kullum ake sabunta maka shi.

Bai koma yadda yake ba, gaskiya ɗaya ce. Siriri ne yanzu, tubali kuma ya bar wa wasu. Ga 'yan'uwana mata: in mijinki ya dawo daga gabas, zazzaɓi ya ƙi jin maganin malariya, kada ki jira ciki ya kumbura, ki faɗa wa likita inda ya kwana. Ki duba hannunsa da gefen goshinsa. Kada ki hana majinyaci ƙwai da madara. In ya warke kuma, tausayi kada ya sa ki kwantar da shi. Allah ya saka wa daktora, ya saka wa Haruna, ya jiƙan manomin Rusairis, ya ƙara wa Inna lafiya.

Da kogi ya sake janyewa, ya ɗauki fartanya ya ce zai leƙa gaɓa. Na bi shi da ruwa. Ya yi kunya guda ta kuɓewa, ba ta ma miƙe ba, ya zauna a laka yana haki. Ya tashi ya ƙara rabi. Muka dawo gida yana jan ƙafa.

Da safe ina hura wuta na ji ya yi nishi daga ɗaki. "Rakiya! Cinyoyina. Bayana. Kafaɗuna."

Na watsar da itacen na shiga, na kai hannu goshinsa. Sanyi ƙalau. Sai na ga dariya yake yi, yana matsa cinyarsa da hannu biyu, hawaye na bin gefen idonsa.

Ya ce, "Ba irin wancan ba ne. Tsamin jiki ne, Rakiya, na aiki. Akwai abin da zai yi ciwo ke nan." Ya sauko da ƙafafunsa ƙasa yana cije baki. "Ɗora shayi. Kunyar nan a karkace take, sai na gyara ta."